Suɗewar ɓawon haƙori: tambayoyi da amsoshi

Yawancinmu ba ma tunawa da haƙori sai ranar da ya hana mu barci. Amma akwai wata ɓarna da ke cin haƙori shekara da shekaru, ba zugi ba kumburi, wato suɗewar ɓawonsa. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutane a kanta.

Mene ne ma ɓawon haƙori?

Farin nan mai sheƙi da kake gani idan mutum ya yi murmushi, shi ne ɓawon haƙori, likitoci na ce masa inamel. Duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, har ƙashi. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adinai ne, galibi kalshiyam da fosfet da suka haɗu suka daskare. Sai dai duk taurin nan ba shi da kauri. Inda ya fi kauri, wato kan tsinin turame, bai fi milimita 2.5 ba, yana gangarowa wajen dasashi kuma sai ya yi ta sirancewa har ya ƙare.

A ƙarƙashinsa akwai wani sashe da ake kira dentin. Launinsa rawaya-rawaya ne, bai kai ɓawon tauri ba, kuma cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, waɗanda suka zarce har cikin ɓargon haƙori inda jijiya take. Wanda ya tashi a gidan da ake cin tuwo a langa ya san misalin. Muddin fentin na nan, kwano na ƙyalli, ruwa ba ya yi masa komai. Ranar da fentin ya ɓantare, ta nan tsatsa ke shiga.

Idan ya suɗe, yana sake tohowa?

Ba ya yi. Ƙashi idan ya karye a yi ɗori ya haɗe, fata ta yanke ta warke, saboda jini na bi ta cikinsu, kuma akwai ƙwayoyin halitta masu rai da ke aikin gyara. Ɓawon haƙori ba jini a cikinsa, ba jijiya. Ƙwayoyin da suka gina shi sun gama aikinsu sun watse tun lokacin da haƙorin ya huda dasashi ya fito. Wanda ka samu kana yaro, shi za ka yi ta lallaɓawa har tsufa.

Akwai dai mataki guda da ake iya ceto. Idan tsami ya taɓa haƙori, ba nan take ɓawon ke zubewa ba, laushi samansa ke fara yi. Idan aka bar shi ya huta, yawu na mayar masa da kalshiyam da fosfet ya sake tauri, fuloraid kuma, wani ma'adini da ake sawa a man goge baki, na hanzarta wannan aiki. To wannan ne masu tallan man goge baki ke nufi idan suka ce mansu na "gyara" haƙori. Ƙarfafa wanda ya yi laushi, e. Dawo da wanda ya riga ya tafi, babu man da ke yi.

To me ke cinye shi?

Abu uku ne, kuma yawanci tare suke aiki: tsami, gurza, da gogayyar haƙori da haƙori.

Tsami shi ne babba. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH. Ruwan sha mai kyau yana wajen 7, duk abin da ya yi ƙasa da haka ya fi tsami, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne na wanda ke samansa. Ɓawon haƙori na fara narkewa ne da zarar baki ya sauka ƙasa da 5.5. Yanzu duba: ruwan lemun zaƙi yana tsakanin 3.5 da 4, lemon kwalba irin su kola wajen 2.5, ruwan lemun tsami tsakanin 2 da 2.5, tsamin da ke cikin ciki kuwa yana iya sauka ƙasa da 2. Ka ga ba wai sun ɗan gota iyakar ba ne, sun yi mata fintinkau.

Gurza ita ce abin da muke yi wa haƙori da hannunmu: buroshi mai tauri, gawayi, toka, gishiri. Gogayya kuma ita ce ta mai cizon haƙora cikin barci. Tsami ya lausasa, gurza ta kankare. Haɗuwar biyun nan ita ce ta fi saurin gamawa da haƙori, shi ya sa za ka ga wani mai tsafta sosai, mai goge baki sau uku a rana, amma haƙoransa sun fi na ƙazami lalacewa.

Har da zoɓo da kunun tsamiya? Ai waɗannan ba na kanti ba ne.

Haƙori bai san na kanti ko na gida ba, tsami kawai ya sani. Zoɓo na da tsami sosai, ma'auninsa na wajen 3 ko ƙasa da haka, shi ya sa sai an zabga masa sukari kafin ya shawu. Sukarin ɓoye tsamin yake yi wa harshe, ba kashe shi yake yi ba. Tsamiya ma haka, ɗanyen mangwaro da gishiri haka, agwaluma haka, garin ƙwallon kuka da yara ke tsotsa haka.

Ba cewa ake yi a daina ba. Wanda zai ce wa Bahaushe ya bar kunun tsamiya ya ɗauko dala ba gammo. Abin lura shi ne, yawan abin da ka sha bai kai daɗewarsa a baki illa ba. Bayan an sha abu mai tsami, yawu na buƙatar kamar minti 30 zuwa awa guda kafin ya daidaita baki. Wanda ya ɗaga kofin zoɓo ya shanye tare da abincin rana, sau ɗaya aka kai wa haƙoransa hari, sun samu sauran yini suna farfaɗowa. Wanda kuwa ya ajiye gorar zoɓo a gefen keken ɗinki ko a shago yana kurɓa duk bayan minti goma tun hantsi har la'asar, bakinsa bai taɓa fita daga tsami ba, ko da adadin da suka sha ɗaya ne. Na biyun nan shi ne mai matsala.

Don haka a sha lokaci guda, a sha tare da abinci, kada a riƙe a baki ana wasa da shi tsakanin haƙora, a bi bayansa da ruwa. Idan da tsinken zuƙa, a tura shi ya wuce haƙoran gaba.

Nono da kindirmo su ne suka fita daban. Suna da tsami, amma cike suke da kalshiyam da fosfet, don haka ba sa jan na haƙori. Fura da nono ba ta cikin masu laifi, sai fa idan an cika mata sukari, wannan kuma ruɓewa yake jawowa.

Idan na sha ɗanyen mangwaro sai haƙorana su mutu. Me ke faruwa?

Wannan mutuwar haƙori da muke faɗa, har mutum ya kasa tauna tuwo, saƙo ne haƙori ke aiko maka. Tsamin ya wanke silɓin da yawu ke shimfiɗa wa haƙori, ya lausasa saman ɓawon, inda dentin ya riga ya leƙo kuma ya buɗe kafofinsa. Shi ya sa haƙoran ke yin gara-gara idan sun haɗu. Jefi-jefi ba komai, yawu zai gyara. Idan kullum ne, ko ya zama ɗan tsami kaɗan ke kashe maka haƙori alhali da ba haka kake ba, ɓawon ya fara yin siriri.

Lemon kwalba marar sukari fa?

An cire sukari, ba a cire tsami ba. Asid ɗin fosforik ko na sitirik da ke ba shi ɗanɗano yana nan daram. Ya rage maka haɗarin ruɓewa, bai rage na suɗewa ba. Lemukan ƙara kuzari da direbobi da ɗalibai ke sha don korar barci su ma haka, kuma su ne ma aka fi kurɓa a hankali cikin dare, lokacin da yawu ya yi ƙaranci.

Ina shan ruwan ɗumi da lemun tsami kowace safiya don rage tumbi. Akwai matsala?

Ga haƙori kam akwai. Ko da an sirka da ruwa, tsaminsa na ƙasa da 5.5 nesa ba kusa ba. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne lokacin: da sassafe, baki a bushe bayan barci, ana kurɓa a hankali saboda zafi, sannan a miƙe a ɗauki buroshi. Khal ɗin tuffa da ake sha don wannan buƙata ma haka yake. Idan an ga dole sai an sha, to a goge baki tukun kafin a sha, a sirka sosai, a shanye lokaci guda, a kurkure da ruwa. Ni dai a ganina, tumbin da tafiyar ƙafa da rage loma ba su sauke ba, rabin lemun tsami ba zai sauke shi ba.

Suɗewa da ruɓewar haƙori abu ɗaya ne? Ko ita ce tsutsar haƙori?

Daban suke. A ruɓewa, ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin dauɗar haƙori ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da asid a wuri guda, sai ya huda rami. A suɗewa kuwa tsamin kai tsaye yake zuwa daga abin sha ko daga ciki, ya wanke faɗin haƙori gaba ɗaya, har a bakin da ba shi da dauɗa ko kaɗan. Ɗaya kogo yake yi, ɗaya kuma zaizayewa.

Tsutsa kuwa babu ita. Mai turara maka hayaƙi ya nuna maka tsutsotsi a cikin kwano, dabara ya yi maka. Ramin na nan inda yake bayan ka biya.

Ta yaya zan gane nawa ya fara suɗewa?

Tsaya gaban madubi da rana. Haƙoran gaba idan bakinsu ya zama garai-garai kamar gilashi, ko ya fara ɓantarewa ƙanana-ƙanana, alama ce. Haka idan haƙora na ƙara yin rawaya duk da kana wankewa, domin dentin ne ke haskowa ta cikin ɓawon da ya yi siriri. A kan turame za ka ga tsinin ya baje, wani lokaci da 'yan ƙananan lotsawa masu rawaya a tsakiya. Wanda aka taɓa yi wa ciko zai iya ganin cikon ya ɗago sama da haƙorin, ba don ya girma ba, haƙorin ne ya zaizaye ya bar shi. A wuyan haƙori kusa da dasashi kuma akan ga wani tsagi kamar an sassaƙa da wuƙa, wannan galibi aikin buroshi ne.

Sai kuma tsirgawar nan idan ruwan sanyi, ko shayi mai zafi, ko iskar hunturu ta taɓa haƙori. Idan ta zo ta wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi, dentin ne a buɗe. Idan ta zauna tana zugi, ko ta tashe ka cikin dare, magana ta kai ga jijiya, kada a jinkirta zuwa asibiti.

Gawayi, toka, gishiri, ko bekin soda da lemun tsami: ba suna sa haƙori fari ba?

A makon farko suna yi, nan ne ma tarkon yake. Suna kankare dattin shayi da goro da ke saman haƙori, sai mutum ya ga haske ya ce ya samu magani. Amma ba datti kaɗai suke kankarewa ba, suna haɗawa da ɓawon. Tunda farin haƙori daga ɓawon yake, rawaya kuma daga dentin, duk gurzar da ka yi kana ƙara kusantar rawayar ne. Bayan shekara biyu ko uku haƙori ya fi da rawaya, sai mutum ya ɗauka datti ne ya dawo, ya ƙara ƙarfin gurza. Garin gyaran gira ke nan an rasa ido.

Gawayin murhu da toka sun fi muni, domin akwai yashi da tsakuwa a ciki. Haɗin lemun tsami da ake yaɗawa a TikTok da WhatsApp kuwa ya tara illa biyu a cokali ɗaya, ga tsami ga gurza. Haka ruwan wankin haƙori da ake sayarwa a tasha ko cikin mota, wanda ake ɗiga wa a auduga a goga haƙori ya yi fari nan take. Abin da zai cire dattin shekara goma cikin minti ɗaya, ka tambayi kanka me yake yi wa abin da ke ƙarƙashin dattin.

Wani abu kuma, asalin launin haƙori mai lafiya ba fari fat ba ne kamar alli. Yana da ɗan ruwan madara, wasu nasu ya fi na wasu duhu tun halitta. Farin da kake gani a bakin taurarin fina-finai sau da yawa rufi ne aka manna, ko kuma gyaran hoto. Dattin goro, shayi da taba kuwa a sama yake zaune, wankin haƙori a asibiti na fitar da shi ba tare da an ci ɓawon ba.

Aswaki ya fi ko buroshi?

Kowanne na wanke haƙori idan an iya, kowanne na ɓarna idan an yi da ƙarfi. Aswaki sunna ne, kuma mai yin sa a kowace alwala yana hana dauɗa taruwa. Sharaɗin shi ne a tauna bakinsa ko a jiƙa shi har ya yi laushi, a riƙa yanke tsohon baki, a kuma goga daga dasashi zuwa bakin haƙori, ba a yi ta zuga shi gefe da gefe kamar mai zarto ba. Masu yawo da busasshen icen darbejiya a baki tun safe har azahar suna dirzar wuri guda, su ne ke samun tsagi a wuyan fiƙa da janyewar dasashi. Abin da aswaki ba zai ba ka isasshe ba shi ne fuloraid, don haka a haɗa biyun: aswaki da rana, buroshi da makilin safe da dare.

A wajen sayen buroshi, mutanenmu sun fi son mai tauri, wai shi ne ke fitar da datti. Dauɗar haƙori laushi gare ta, ba ta buƙatar ƙarfi. Sayi mai laushi. Idan gashin buroshinka na bajewa cikin wata guda, hannunka ya yi nauyi. Minti biyu, sau biyu a rana, ya isa. Bayan an gama a tofar da kumfar kawai, kada a kurkure da ruwa, don fuloraid ɗin ya samu zama.

Ashe ba a so a goge baki da an gama cin abinci?

Idan abincin ko abin shan mai tsami ne, a dakata kamar minti 30 zuwa awa ɗaya. A lokacin ɓawon na da laushi, buroshi zai kwashe abin da yawu zai iya gyarawa. A kurkure da ruwa a wannan tsakanin. Cingam marar sukari ma na taimakawa, saboda yana tsinko yawu.

Ina da juna biyu, laulayi na sa ni amai kullum. An ce jariri ne ke zuƙe kalshiyam ɗin haƙorana.

Allah ya raba lafiya. Jariri ba ya ɗibar komai daga haƙoranki, domin ɓawon ba shi da hanyar jini da za a bi a ɗiba. Abin da ke cin haƙoran masu ciki shi ne tsamin amai, da kwaɗayin kayan tsami irin su tsamiya, agwaluma da ɗanyen mangwaro, da kuma ƙyamar buroshi da laulayi ke sawa. Idan kin yi amai kada ki goge baki nan take, duk da ɗacin da kike ji. Ki kurkure da ruwa, ko ki jiƙa ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa ki kurkure ki zubar. A nan kurkurawa ce, ba gurzawa ba, kuma tana kashe tsamin. Bayan awa guda sai ki goge.

Masu yawan ƙwannafi su ma su kula. Tsamin ciki na tasowa har baki, musamman cikin barci, kuma ta bayan haƙoran sama yake ci, inda madubi ba ya nunawa. Sau da yawa likitan haƙori ne ke fara gano cewa mutum na da wannan matsala. Irin wannan sai an yi maganin cikin, a daina kwanciya da an gama cin tuwon dare, a kuma ɗaga wajen kai idan za a kwanta.

Azumi na da tasiri?

Azumin kansa hutu ne ga haƙori, tunda yini guda ba abin da ya taɓa shi. Wajen buɗa baki ne ake kwafsawa. Baki ya bushe tun safe, abu na farko da za a zuba masa kuma sai ya zama zoɓo mai ƙanƙara, ko kunun tsamiya, ko lemon kwalba, a yi ta kurɓa har bayan asham. Fara da ruwa da dabino kamar yadda aka saba ya fi, yawu ya dawo, sannan mai tsamin ya biyo tare da abinci. Da sahur kuma a guji rufewa da abu mai tsami a koma barci, domin yawu na raguwa ƙwarai idan an yi barci.

Bushewar baki ba ta azumi kaɗai ba ce. Wasu magungunan mura da ƙaiƙayi, wasu na hawan jini da na damuwa, da ciwon sukari da ba a kula da shi ba, duk suna rage yawu. Mai lafiya na fitar da tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, kuma shi ne babban mai gadin haƙori.

Matata ta ce ina cizon haƙora cikin barci.

Ka yarda da ita, domin mai yi ba ya sani. Alamarsa tashi da ciwon muƙamuƙi ko ciwon kai ta wajen gefen goshi, da haƙoran da bakinsu ya baje ya daidaita kamar an goge da dutse. Damuwa, shan taba, da yawan shayi ko kofi da dare na ƙara shi. Likita na auna bakinka ya yi maka wata roba da za ka riƙa sawa idan za ka kwanta, ita za ta riƙa cinyewa a madadin haƙoran.

A nan ne ya kamata a ambaci masu mayar da haƙori kayan aiki: buɗe kwalba, tsinka zare, riƙe allura ko ƙusa, fasa ƙashi, tauna ƙanƙara, gwaguyar goriba. Tela da ya shekara ashirin yana tsinka zare da haƙori ɗaya, za ka ga gurbin zaren a jiki. Ɓawon haƙori tauri gare shi irin na tangaran, yana jure dannawa amma yana tsagewa.

Mene ne fuloraid? Na ji an ce shi ke ɓata haƙoran mutanen wasu garuruwa.

Duka biyun gaskiya ne, magana ce ta adadi. Fuloraid ma'adini ne da ke cikin ƙasa da ruwa, idan ya shiga ɓawon haƙori yana sa shi ya fi jure tsami. Ta hanyar ɓarnarsa ma aka gano amfaninsa. A 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya tarar da mutanen Colorado Springs a Amurka da haƙora masu dabbare-dabbaren ruwan ƙasa, amma kuma ba sa saurin ruɓewa. Sai a 1931 aka gano yawan fuloraid ne a ruwan shansu. A 1945 garin Grand Rapids ya zama na farko da aka fara zuba shi daidai gwargwado a ruwan famfo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Inda ruwan rijiya ko na burtsatse ya haura haka, yaran da suka sha shi lokacin da haƙoransu ke ginuwa, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara 8, sukan fito da haƙora masu fararen tabo ko ja-ja, wani lokaci da 'yan ramuka. An san wannan a yankin Langtang na jihar Filato, da Kaltungo a Gombe, da Bongo a arewacin Ghana. A Tibiri ta jihar Maraɗi abin ya wuce haƙori, ruwan da aka riƙa sha daga tsakiyar shekarun 1980 ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da dama. Wannan tabo a cikin ɓawon yake, ba datti ba ne, gurza ba ta fitar da shi, tafasa ruwan ma ba ya cire fuloraid. Mafita ita ce a auna ruwan, a sauya wa ƙananan yara inda ake ɗebo na sha.

Na cikin makilin kuwa shafawa ake yi a tofar. Duba jikin kwalin, adadin fuloraid a na manya ya kasance tsakanin 1,350 da 1,500 ppm (ma'aunin yawansa ke nan), kuma a Najeriya ka tabbata da lambar NAFDAC.

Yara fa, tunda za su yi famfara?

Haƙoran nono 20 ne, ɓawonsu kuma kusan rabin na manya ne a kauri, don haka sun fi saurin cinyewa. Su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi, idan sun zube da wuri na bayan su fito a karkace. Wani abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: turmin farko na dindindin na fitowa ne a wajen shekara 6, can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Sai a ɗauka na nono ne a ƙyale shi ya lalace, alhali shi ba shi da magaji.

Kada a zuba lemo ko zoɓo a fida, kada yaro ya yi barci da ita a baki. Alewa mai tsami da ƙanƙarar zoɓo da ake tsotsa a ƙofar makaranta su ma a rage. A fara goge wa yaro da haƙorin farko ya fito: ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa kafin shekara 3, kamar ƙwayar wake daga 3 zuwa 6, babba na tsaye a kai don kada ya haɗiye.

Ina so a yi mini wushirya, ko in sa haƙorin Makka.

Wushiryar da Allah ya yi wa mutum ado ce. Wadda za a fere haƙora biyu masu lafiya a buɗe kuwa, ɓawon gefensu ake zubarwa, kuma a gefen ba shi da kauri. Da yawa sukan ƙare da tsirgawa, wasu jijiyar ta mutu haƙorin ya yi baƙi. Haƙorin Makka shi ma idan sai an fere haƙori kafin a sa, ko an sa shi bai zauna daidai ba abinci na shigewa ƙarƙashi, ranar da aka cire za a tarar da aiki.

Idan ya riga ya suɗe, me za a yi mini a asibiti?

Abu na farko da likita zai nema shi ne musabbabi, domin ciko a bakin da ake ci gaba da jiƙawa da tsami ba ya daɗewa. Zai tambaye ka abin da kake sha, sau nawa, yadda kake goge baki, ko kana ƙwannafi. Ka faɗi gaskiya, har da haɗin gawayin.

Idan abin bai yi nisa ba, ana shafa wani fuloraid mai kauri kamar fenti, a ba ka man goge baki na masu tsirgawa, wanda sai an yi mako biyu zuwa huɗu ana amfani da shi kafin a ji bambanci. Idan dentin ya fito ko baki ya ɓantare, ana manna farin ciko mai launin haƙori. Idan ya fi haka, a yi wa fuskar haƙorin rufi, ko a sa masa hula gaba ɗaya. Idan ta kai ga jijiya, sai an cire jijiyar an cike gurbin kafin a sa hular, kuma kowane mataki ya fi wanda ya gabace shi tsada nesa.

Manyan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri duk suna da sashen haƙori, haka manyan asibitocin jihohi da dama. Idan za ka je, tafi da buroshinka da man da kake amfani da shi. Bajewar gashin buroshin kaɗai na iya gaya wa likita rabin labarin kafin ka buɗe baki.